Na Kwashe Bashina Zuwa Katin da Ba Ya Ɗora Ruwa, Yaya Zan Yi da Tsofaffin Katunan?

Tambaya: “Ina zaune a Landan, ina aikin kula da tsofaffi. Bashi ya taru mini a katunan bashi guda uku: fam 3,000, fam 1,600 da fam 800. Na samu sabon kati mai iyakar fam 6,000 wanda ba zai ɗora mini kuɗin ruwa ba har wata 24. Sun caje ni kashi 3 cikin ɗari ladan ɗauko bashin, na kwashe duka na mayar can. Iyakar tsofaffin katunan ita ce fam 4,000, fam 2,500 da fam 1,500, kuma yanzu duk ba komai a kansu. Wani ya ce in rufe su, wani ya ce rufewa za ta ɓata mini maki, wato lambar da ke nuna amincina wajen biyan bashi. Nan da shekara biyu ina son neman bashin sayen gida. Mene ne shawara?”

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya yaye maka. Ka yi abin da ya dace da ka tsayar da ruwan da ke cin guminka, kuma kada ka ji kunyar tambaya, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Shawarata a taƙaice ita ce kada ka rufe ko ɗaya a wannan makon. Ka jira kamar wata biyu, sannan ka rufe biyu ka bar wanda ya fi daɗewa a hannunka, muddin ba a biyan kuɗin shekara a kansa. Idan kuwa ka san zuciyarka ba za ta iya kallon kati fanko ta ƙyale shi ba, ka rufe duka ukun, maki ya yi abin da zai yi. Bari in faɗa maka dalilaina ɗaya bayan ɗaya, don ka yanke hukunci da idonka a buɗe.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a rai shi ne bashinka bai ragu ba. Ya ma ƙaru. Fam 5,400 ne da, ladan ɗaukowa ya ƙara fam 162, yanzu ana bin ka fam 5,562. Gida kawai ya sauya. A shekarun da na yi ina zama da masu fama da bashi a nan Ingila, ranar da mutum ya buɗe manhaja ya ga sifiri a tsofaffin katunansa ita ce ranar da ta fi kowace haɗari, domin jiki yana ba shi cewa ya fita, alhali da sauran rina a kaba.

Dalilin da ya sa na ce ka jira shi ne sifirin da kake gani yau ba lallai ne ya zama sifirin gaskiya ba. Bankuna suna lissafa kuɗin ruwa kullum-kullum, amma sai ƙarshen wata suke rubuta shi a takardar lissafi. Daga ranar da aka fitar da takardarka ta ƙarshe zuwa ranar da kuɗin sabon kati suka sauka, ruwa yana ta taruwa a ɓoye, kuma zai bayyana ne a takardar wata mai zuwa. A kan bashin fam 3,000, kwana goma sha biyar kaɗai za su iya haifar da fam ashirin da wani abu. Na taɓa zama da wata baiwar Allah, ma'aikaciyar jinya, wadda ta kwashe bashinta kamar yadda ka yi, ta soke umarnin cire kuɗi kai tsaye daga asusunta a ranar, ta yanka katin da almakashi, ta goge manhajar daga wayarta. Bayan makonni ta tashi daga gidan da take haya. Fam goma sha huɗu ne suka biyo baya. Wasiƙu suna zuwa tsohon gida, tarar jinkiri ta fam 12 tana hawa, har aka rubuta mata rashin biya na watanni uku a kundin tarihin bashinta. Ba ta sani ba sai da ta je neman bashin gida aka juya mata baya. Ta zo da takardun a cikin leda, hannunta yana rawa, tana cewa ita fa ta biya komai. Gaskiya ta faɗa, amma irin wannan tabo shekara shida yake yi a kundi.

Saboda haka ka bar umarnin cire kuɗin nan yana aiki a kan dukkan katunan uku. Ka duba takardar wata mai zuwa ta kowanne, ka biya duk abin da ya fito, sannan ka jira ta bayanta ka ga sifiri tsaf. Idan kuma bankin ya riga ya cire biyan wata bayan an ɗauke bashin, sai ka ga katin yana nuna kai ne ke bin su. Ka kira su su mayar maka da kuɗinka asusu, haƙƙinka ne.

A cikin waɗannan watanni biyu akwai aikin da za ka yi, kuma aikin zama ne da biro. Sauke takardun lissafi na shekara guda na kowane kati, ka bi su layi-layi, ka ja layi ƙarƙashin duk abin da ke maimaita kansa: Netflix, Amazon Prime, kuɗin wurin motsa jiki, ajiyar hotuna na waya, manhajar karatun yara. Na ce shekara guda ne saboda waɗanda ke fitowa sau ɗaya a shekara, irin su inshorar mota da ke sabunta kanta, su ne ke kama mutane. Irin wannan biya da aka ɗaura a lambar kati ba ya mutuwa don ka yanka roba. Ka je wurin kowane kamfani ka sauya musu lamba zuwa katin asusunka na albashi, wanda ba ka buƙata kuma ka soke shi. Idan kamfani yana maka yawo da hankali, dokar biyan kuɗi ta Birtaniya ta ba ka damar umartar bankin katin da kansa ya tsayar da biyan, kuma dole ya tsayar.

Yanzu maganar maki, wadda ita ce ta raba kan masu ba ka shawara. Kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. A Birtaniya manyan kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane uku ne: Experian, Equifax da TransUnion. Kowanne yana da nasa ma'aunin, kuma lambar da kake gani a manhaja ba ita banki ke kallo ba. Banki yana ɗaukar abin da ke cikin kundin, ya haɗa da albashinka da abin da ka rubuta a takardar nema, ya yi nasa lissafin. Don haka kada hawa da saukar lambar nan su hana ka barci. Abin da ke cikin kundin shi ne abin kula.

Daga cikin abin da ake dubawa akwai yawan bashin da ke kanka idan aka gwada shi da jimillar iyakar da aka ba ka. Mu yi lissafin da naka. Tsofaffin katuna uku iyakarsu fam 8,000, sabon fam 6,000, jimilla fam 14,000. Bashin fam 5,562 a cikin wannan kusan kashi 40 cikin ɗari ne. Ka rufe duka ukun yau, sai iyakarka ta koma fam 6,000, ka bayyana a matsayin wanda ya cinye kashi 93 cikin ɗari na abin da aka ba shi, wato mutumin da ya kai maƙura, ko da yake ko fam ɗaya ba ka ƙara ci ba. Ka bar na fam 4,000 ɗin kaɗai, sai ka tsaya a kusan kashi 56. Kamfanonin nan suna ba da shawarar mutum ya zauna ƙasa da kashi 25 zuwa 30. Wannan shi ne abin da wanda ya ce maka rufewa za ta ɓata maki yake nufi, kuma bai yi ƙarya ba. Akwai kuma daɗewar asusu: katin da ka shekara biyar kana biya ba fashi shaida ce mai kyau, musamman ga mu da muka zo ƙasar da girmanmu, ba mu da dogon tarihi a nan.

Amma ga abin da bai faɗa maka ba. Wannan kason yana gyara kansa da kansa yayin da kake biya. Idan ka bi tsarin da zan kawo a ƙasa, nan da shekara guda bashin ya koma kusan rabi, nan da shekara biyu ya ƙare, to a lokacin da za ka nemi gida maganar kaso ta mutu. Sannan katin da aka rufe ba ya ɓacewa daga kundi nan take. Yana zama shekara shida da duk tarihin biyanka mai kyau a jikinsa. Wasu masu ba da bashin gida ma ba sa son ganin mutum da tarin katuna a buɗe, domin suna lissafa cewa zai iya cika su gobe. Ga kuma sata: katin da ba ka dubawa shi ne ɓarawon intanet zai yi wata biyu yana ci ba ka sani ba. Raunin da rufewa ke yi wa maki ƙarami ne kuma mai warkewa ne. Raunin da sake cika katunan ke yi shi ne ba ya warkewa da wuri, kuma nan nake so mu daɗe.

Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: ta yaya fam 5,400 ɗin nan suka taru? Idan abu guda ne ya faɗo maka, kamar kuɗin sabunta biza da na lafiya da ake biya tare da ita, ko tikitin gaggawa zuwa gida don rasuwa, ko watannin da ka zauna ba aiki, kuma yanzu albashinka yana ɗaukar nauyin watanka, to kai mai iya riƙe kati ɗaya ne. Idan kuwa ka duba takardun nan ka ga cefane ne, da man mota, da fam hamsin nan fam tamanin can, wata bayan wata, to abin da ke fita ya fi abin da ke shigowa, kuma ramin da ya haifar da bashin yana nan a buɗe. Mai irin wannan hali idan aka bar masa fam 8,000 fanko a aljihu, ga kuma sabon biyan wata da ya hau kansa, wallahi na sha gani: kafin shekara ta zagayo ya dawo da bashi biyu, na sabon kati da na tsofaffi, ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Mu kuma muna da namu nauyin da Bature maƙwabcinka ba lallai ya sani ba. Waya za ta yi ƙara da tsakar dare, an kwantar da Inna a asibiti. Azumi zai zo, Sallah za ta zo, ƙanwa za ta yi aure, kuɗin makarantar 'ya'yan yaya zai taso, kuma kowa a gida ya san kana ƙasar fam. Ba na cewa ka rufe hannunka ga iyayenka, Allah ya kiyaye. Ina cewa idan kati fanko yana aljihunka a wannan daren, shi za ka zaro, kuma ba za ka tsaya lissafi ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yawancin bankuna suna ɗaukar tura kuɗi ƙasar waje da katin bashi tamkar cire tsabar kuɗi ne a na'ura: akwai lada a kai, ruwa yana fara hawa tun daga ranar ba tare da wani jinkiri ba, sau da yawa a farashi mafi tsada, kuma cire tsabar kuɗi da katin bashi yana fitowa a kundinka a matsayin alamar matsi. Maganin wannan shi ne ka ware wani abu, ko fam talatin ne a wata, a asusun ajiya na daban da sunan gida, ka kuma faɗa wa wanda ya kamata ya sani cewa kana biyan bashi na shekara biyu. Faɗin yana da nauyi a baki, na sani, amma ya fi ɗaukar ruwan kashi ashirin da wani abu a kan kowace kyauta.

Idan ka auna kanka ka ga za ka iya, ga yadda ake riƙe kati ɗaya. Zaɓi mafi daɗewa wanda ba shi da kuɗin shekara. Ɗaura masa ƙaramin abu guda mai maimaituwa, kamar kuɗin layin wayarka, ka saita umarnin cire kuɗi ya riƙa biyan dukkan abin da ke kai kowane wata, ba mafi ƙarancin biya ba. Da haka ba ruwan da zai hau, kundinka yana samun shaidar biya kowane wata, kuma bankin ba zai rufe katin don zaman banza ba, abin da sukan yi idan kati ya daɗe ba a taɓa shi ba. Cire shi daga Apple Pay ko Google Pay, daga Amazon, daga PayPal, daga duk inda danna yatsa ɗaya ke isa a kashe kuɗi. Katin kansa ya zauna a gida cikin ambulan ɗin da fasfo yake. Kana da damar ce wa banki kada ya sake ƙara maka iyaka ba da izininka ba, kana kuma iya neman ya rage ta. Idan fam 4,000 ya yi maka yawa, ka ce su mayar da shi fam 1,500.

Akwai wata fa'ida ta barin tsohon kati: wani lokaci bankin, ganin katin fanko, yakan aiko maka da tayin ɗauko bashi zuwa kansa ba ruwa na wasu watanni. Idan wa'adinka ya kusa cika da ɗan saura, wannan kan yi amfani ba tare da ka nemi sabon kati ba. Ka dai sani ba a ɗauko bashi tsakanin katunan gida ɗaya: NatWest da Royal Bank of Scotland gida ɗaya ne, haka HSBC da first direct da M&S Bank. Amma kada ka gina shirinka a kan tayin da ba a yi maka alkawarinsa ba.

Rufe sauran biyun kuma ba yanka roba ba ne kawai. Kafin ka kira, ka kwashe duk wani makin lada ko kuɗin garaɓasa da ka tara a kai, domin yawanci suna tafiya da katin. Idan akwai kayan da ka mayar kana jiran kuɗinsu, ka bari su shigo tukuna. Idan ka taɓa karɓar wa maiɗakinka kati na biyu a kan asusun, ka sanar da ita, don nata zai mutu tare da naka. Sauke duk takardun lissafin ka adana, saboda da zarar an rufe, manhaja takan rufe maka ƙofa. Wannan adanawa tana da dalili: sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa bankin kati alhaki tare da mai sayarwa a kan duk kayan da farashinsu ya haura fam 100 har zuwa fam 30,000, idan kayan ba su zo ba, ko sun zo ba yadda aka faɗa ba, ko kamfanin ya rushe. Wannan haƙƙin ba ya mutuwa don ka rufe kati, amma sai da shaida. Sannan ka kira ka ce a rufe asusun gaba ɗaya. Za su iya lallashinka da tayi. Ka tsaya a kan bakanka, ka nemi tabbaci a rubuce. Bayan wata biyu ka duba kundinka a dukkan kamfanonin uku, doka ta ba ka damar ganinsa kyauta, ka tabbatar an rubuta an rufe kuma ba a bin ka komai. Idan ka ga kuskure ka kai ƙorafi bankin; idan mako takwas suka wuce ba su warware ba, akwai ofishin sasanta rikicin kuɗi, Financial Ombudsman Service, kuma ba a biyan ko sisi.

Sabon katin shi ne inda za a ci ko a faɗi. Raba fam 5,562 gida 23, ba 24 ba, don ka gama da wata guda a hannu: kusan fam 242 ke nan a wata. Saita wannan adadin ya riƙa fita washegarin ranar albashi. Kada ka yarda da mafi ƙarancin biyan da za su rubuto maka. Ƙa'idar da ke aiki a kan katunan da aka buɗe tun 2011 ita ce mafi ƙarancin biya ya ɗauke ruwa da caji da aƙalla kashi 1 cikin ɗari na uwar kuɗi, wato a wajenka zai iya zama kamar fam 56 kacal. Ka bi wannan har wata 24, za ka wayi gari da kusan fam 4,370 a kanka, ruwa ya dawo da ƙarfinsa, kusan fam 80 a wata idan farashin katin ya kai kashi 25 a shekara. Irin wannan zama cikin bashi ne ya sa hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi ta kafa ƙa'ida a 2018, cewa wanda ya yi wata 18 yana biyan ruwa da caji fiye da uwar kuɗi dole banki ya tuntuɓe shi, idan abin ya kai wata 36 kuma a tsara masa hanyar fita, har ana iya dakatar da katin. Kada ka bari a kai ka can.

Kada ka sayi ko biredi da sabon katin, domin rangwamen na bashin da aka ɗauko ne, sayayya tana da nata farashin sai dai idan yarjejeniyarka ta faɗi akasin haka ƙarara. Kada ka cire tsabar kuɗi da shi. Kada ka makara ko sau ɗaya, kada ka haura iyaka, don ɗayan biyun nan ya isa banki ya janye rangwamen gaba ɗaya. Kai kuwa fam 438 ne kawai tsakaninka da iyakar. Nemo ainihin ranar da wa'adin zai ƙare a takardar yarjejeniya, domin sau da yawa ana fara ƙirga ne daga ranar buɗe asusu, ba ranar da aka ɗauko bashin ba. Rubuta ta a wayarka da tunatarwa wata uku kafin ta zo. Na san da yawa daga cikinmu abin da ke damunsu ba lissafi kaɗai ba ne, nauyin riba ne a zuciya. Hukuncin yarjejeniyar kansa ka kai shi gaban malaminka. Abin da ke hannunka yau shi ne wata 24 da aka buɗe maka ka fita ba tare da ka ƙara biyan ruwa ba, kuma kowane tsohon kati da ka sake taɓawa yana mayar da kai cikin abin da kake gudu.

Game da gida: rufe katunan biyun bayan wata biyun nan ya fi rufe su dab da nema, don kundinka ya samu lokacin daidaita. A watanni shida na ƙarshe kafin ka nema, kada ka buɗe sabon kati ko ka ɗauki waya ko mota bashi, saboda kowace nema tana barin sawu a kundi. Ko bankin da ke sayar da gida bisa tsarin Musulunci za ka je, kundin nan zai buɗe. Idan kai ɗan Najeriya ne, ko Gana, ko Kamaru, kuma kana da izinin zama, kana cikin 'yan ƙasashen Commonwealth da ke da damar shiga rajistar masu zaɓe; ka shiga da adireshin da kake zaune, domin da ita masu ba da bashi ke tabbatar da inda kake.

Idan ka zauna da albashinka da kuɗin haya da cefane ka ga fam 242 ba za su fita ba ko ta yaya, to kada ka jira wa'adi ya cika, kuma kada ka cike giɓin da tsofaffin katunan. A wannan halin ka rufe duka ukun da zarar sun nuna sifiri sau biyu, ka kira masu ba da shawara kan bashi irin su StepChange ko National Debtline, ko ka shiga ofishin Citizens Advice na unguwarku. Shawararsu kyauta ce, kuma yin magana da su ba ya shiga kundinka. A Ingila da Wales akwai ma tsarin da aka fara a watan Mayun 2021, wanda mai ba da shawara kan bashi zai iya sa ka ciki a dakatar da ruwa da tara da matsin masu bin bashi har kwana 60 yayin da ake tsara maka mafita. Duk kamfanin da ya ce sai ka biya shi kafin ya ba ka irin wannan shawara, ka ajiye wayar. Ranar da za ka kira, ka ajiye takardun katunan huɗu da takardar albashinka ta wata uku a gabanka, don su ne abin da za su fara tambaya.